Ƙungiya Takwas a Shekara Goma: In Sayar da Fadamar Gado In Tafi Gwaji?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan ƙwallo ne, lamba tara nake bugawa, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, haifaffen Birnin Kebbi, bana nake cika shekara 30. Ina ɗan shekara 20 na bar gida da jaka ɗaya. Daga lokacin zuwa yau na buga wa ƙungiya takwas: biyu a Firimiyar Najeriya, huɗu a rukuni na biyu, ɗaya a Yamai, ɗaya a Jamhuriyar Benin. Ban taɓa yin kaka biyu cur a wuri guda ba. Kakar da na fi sa'a ƙwallo 11 na ci. Wasu wuraren sallamata aka yi, wasu ni na kama gabana don ba a biya. Ƙungiya uku nake bi bashi, ta Benin albashin wata huɗu, bara na baro ta. Gwiwata ta dama tana kumbura in na buga wasa biyu a mako.

Yanzu ina gida, ba ƙungiya. Wani aboki ya haɗa ni da wani ejan, wato dillalin 'yan wasa, a WhatsApp, ya ce ya samo mini gwaji a Libya, albashi da dala, amma sai na tura naira miliyan biyu da rabi na biza da tikiti da kuɗin gwaji kafin ƙarshen wata. Ba ni da su sai in na sayar da kasona na fadamar shinkafa da mahaifinmu ya bari. Yayana da ke noma ta ya ce ran da na sayar in manta ina da wa. Inna ba ta ce komai ba, sai hawaye. Maiɗakina ta ce ta gaji da auren waya. 'Ya'yanmu biyu, kuma ran da na dawo ƙaramar ta ɓuya bayan uwarta, ba ta gane ni ba. Akwai wata ƙungiyar rukuni na biyu nan kusa da ke nemana, amma albashin kaɗan ne. A majalisa ɗan ci-rani suke kirana. Malam, ban iya wata sana'a ba, kuma ina jin wannan ce damata ta ƙarshe. In sayar in tafi, ko in haƙura da ƙwallon?

Ƙaninka, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, wurin yarinyar nan da ta ɓuya bayan zanin uwarta. Na san ba don neman tausayi ka sa wannan a ciki ba, abin ne ya tsaya maka a rai ya ƙi wucewa. Allah ya raya ta, ya raya ɗan'uwanta, ya sa ka ci moriyarsu. Tun da kai tsaye ka tambaye ni, bari in ba ka amsar kafin bayani: kada ka sayar da kason fadamar nan, kuma kada ka tura wa mutumin nan ko sisin kwabo. Amma ban ce ka rataye takalmi ba. Matsi ne ya sa ka ɗaure maganar Libya da maganar ƙwallonka da igiya ɗaya, har kake ganin in ɗaya ta faɗi ɗayar ma ta faɗi. Mu kwance su, mu duba kowacce ita kaɗai.

Zan fara da gorin majalisa, don na lura ya fi ci maka rai fiye da yadda ka nuna. A ƙasar Kabi wa zai yi wa wani gorin ci-rani? Kakanninmu da damina ta ɗauke suke rataya gora su nufi Kurmi, fatake suna kai wa har Gwanja neman goro, Sarkawa suna bin ruwan Kwara da jiragensu duk inda kifi ya yi. Wanda ya fita neman halal bai yi abin kunya ba. A sana'arka kuwa, yawo shi ne hanyar da mafi yawa ke bi. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, daga can ya fara, ya je Ibadan, ya tsallaka Abijan, ya yi Fotugal, Girka, Sifaniya, Suwizalan, Tunisiya da Saudiyya, ya dawo gida ya ci gaba da bugawa har ya haura shekara 40. Shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, kuma ƙwallo 37 ya bar wa ƙasar nan a tarihi. Ba wanda ya isa ya ce yawan ƙungiyoyinsa ya rage masa daraja.

Kuma ba duk laifinka ba ne da ba ka zauna wuri guda ba. Mafi yawan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, daga baitulmalin jiha kuɗinsu ke fitowa. In an sauya gwamnati ko shugaban ƙungiya, a sauya koci, shi kuma sabon koci ya zo da yaransa, wanda ya tarar ya zama bare. Kwantiragin kaka ɗaya ake bayarwa, wani lokacin ma na baka. Na taɓa tsayawa bayan la'asar a filin wasa na Haliru Abdu ina kallon masu gwaji. Samari ne zaune a ƙasa, kowa ya yi matashi da jakarsa, wani na naɗe idon sawu da bandeji, wani na liƙe bakin takalminsa da gam yana hura masa iska ya bushe kafin a kira shi. Da aka tashi koci ya karanto lambobi daga wata takarda. Waɗanda ba su ji tasu ba suka karkaɗe wando suka nufi tasha, ba wanda ya ce da wani uffan. Na san ka zauna a irin wannan ƙasar ba sau ɗaya ba, ka kuma tashi ka sake gwadawa har aka ɗauke ka sau takwas. Raggo ba ya yin haka.

Sai dai akwai abin da yawon ya ci maka, kuma gara ka ji shi daga bakina. Duk cikin fili lamba tara ne aka fi yi wa lissafi a bayyane. Ɗan baya zai iya yin kaka guda ba a kirga masa komai ba, kai kuwa wasa biyar ba ƙwallo sai benci. Alhali ƙwallon ɗan gaba rabinta a ƙafar mai ba shi take. Sai ɗan tsakiya ya san lokacin da kake tsinkewa da gudu, ya san ƙasa kake so ko sama, ya san kafaɗar da kake juyawa ta kanta. Wannan sabo ba ya samuwa a wata uku. Kai kuma duk lokacin da aka fara gane tafiyarka sai ka ɗauki jaka. Ina kyautata zaton kakar da ka ci 11 ɗin nan akwai wani yaro a bayanka da ya fahimce ka. Ka tuna shi, ka tuna abin da za ku yi da kun sake kaka ɗaya tare. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga mutumin WhatsApp. Ban san shi ba, ba zan rantse ɓarawo ne ba, amma duk alamun da ka zayyana na masu damfara ne: kuɗi tun kafin a ga ƙafarka, wa'adi gajere don kada ka sami sukunin bincike, da albashin dala da ba a rubuta a ko'ina ba. A ƙa'idar FIFA ƙungiya ce ke gayyatar ɗan wasa gwaji, a rubuce, a kan fom ɗin da ku biyu za ku sa wa hannu, wanda ya faɗi tsawon gwajin da masauki da abinci da kuɗin kashewa. Ƙungiyar ce za ta shigar da fom ɗin a rumbun FIFA na musayar 'yan wasa aƙalla kwana goma kafin a fara. Wanda ya haura shekara 21 gwajinsa ba ya wuce mako uku a ƙungiya ɗaya cikin kaka guda, kuma in ya ji ciwo a lokacin ƙungiyar ce ke da alhakin maganinsa. Ita dai ƙa'idar ta hana neman kuɗi ko karɓarsu da sunan gwaji. Ka ga ke nan abin da ya kira kuɗin gwaji ba shi da gurbi a doka ko kaɗan. Ejan na gaskiya bayan an sa hannu yake cin nasa, don haka shi ya fi kowa son ka sami ƙungiya. Wanda ya karɓi nasa tun kana Birnin Kebbi, me zai dame shi in ka sauka ba wanda ya zo tarbarka?

Gwada shi ba wuya, ba kuma sai kun yi faɗa ba. Tun 2023 FIFA ke ba wa ejan lasisi bayan jarrabawa, kuma sunayen masu lasisin suna nan a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Ka tambaye shi cikakken sunansa da lambar lasisinsa. Ka ce ya ba ka sunan ƙungiyar, sannan kai da kanka ka nemi ƙungiyar ta shafinta na hukuma, ba ta lambar da shi zai ba ka ba, domin hoton takardar gayyata yaro ma zai iya haɗa shi a waya. Ka kai takardar ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba maka. Cikin abokan wasanka na ƙungiya takwas ba za a rasa wanda ya taɓa bugawa a Arewacin Afirka ko ya san wanda ke can ba, ka kira shi. Daga ƙarshe ka ce masa ba ka da kuɗi, ƙungiyar ta aiko da tikitin zuwa da dawowa, a cire daga albashinka in an ɗauke ka. Daga amsar da zai ba ka za ka san da wa kake magana. In ya fara fushi, ko ya ce akwai wani yaro da ke jiran gurbin, ko ya rage kuɗin zuwa rabi nan take, to ka gode wa Allah da ya tsare maka gonarka.

Ko da ta tabbata ƙungiyar na nan, ita kanta ƙasar sai an yi tunani. A 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta gargaɗi 'yan ƙwallo kan sa hannu a wasu ƙasashe saboda yawan ƙin biyan albashi da karya kwantiragi, kuma Libya na cikinsu. Ka tuna Oktoban 2024, da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraq suka kwana a kan kujeru, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba Najeriya wasan da ci 3 da nema. Tawagar ƙasa ke nan, mai gwamnati da 'yan jarida a bayanta. Kai kaɗai za ka sauka, da jaka da gwiwa mai kumburi. Akwai 'yan Najeriya da suka buga a can aka biya su suka dawo lafiya, ban musa ba, amma da kwantiragi a hannu suka tafi. Kuma in ka ji an ce biza ta yi wuya, a bi ta mota ta Agadas, to maganar ta tashi daga ƙwallo. Mu nan mun san waɗanda suka bi hanyar nan, mun san gidajen da har yau ake jiran labari.

Ka ce damarka ta ƙarshe ce. Na san abin da ke hura wannan wutar, duk ɗan gaban da ya kai shekarunka yana tuna Odion Ighalo. Ya yi Nowe, Italiya, Sifaniya, Ingila da Sin, sannan a Janairun 2020, yana ɗan shekara 30, Manchester United ta ɗauke shi aro, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya sa rigarta. Gaskiya ne, rabo ba ya duba shekaru. Amma ka duba abin da ke hannunsa lokacin: watanni kaɗan kafin nan shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, da ƙwallo 5. Ƙwallayensa ne suka yi masa kira, ba wanda ya ce ya sayar da gona. Ga kuma Ahmed Musa, da ya rabu da Al-Nassr ya zauna ba ƙungiya, a 2021 ya dawo Kano Pillars inda ya yi suna tun farko, ya buga a gida, daga nan ya wuce Turkiyya. Kyaftin ɗin Najeriya bai ga faɗuwa ba ne ya dawo gida ya ci gaba da motsa ƙafa. Wanda ake gani a fili kowane mako shi ake nema. Wanda ke zaune yana jiran saƙon WhatsApp kuwa, kowane wata da ya wuce farashinsa raguwa yake.

Gwiwar nan kada ka yi wasa da ita. Kumburi bayan wasa alama ce cewa akwai abin da ke faruwa a ciki, ko guringuntsi ko jijiya, kuma likitan ƙashi ne zai faɗa bayan hoto. Ka je babban asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Masu ɗori sun san aikinsu a karaya da targaɗe, amma wannan ciwon ba a gani da hannu. Ka guji allurar kashe zafi kafin wasa, ka guji ƙwayoyin da ake miƙa wa juna a sansani, suna rufe ciwon ne yana ci gaba da cin gaɓar. Ka sani kuma duk ƙungiyar waje mai tsari sai ta duba lafiyarka kafin ta sa hannu. Ka ga yadda za ta iya kasancewa: gona ta tafi, ka isa, likitansu ya taɓa gwiwa ya girgiza kai. Kashi kaɗan na kuɗin da ake nema a wurinka ya isa ka san gaskiyar ƙafarka.

Sannan kana neman miliyan biyu da rabi alhali kana da dukiya a hannun mutane. Bashin Benin shi ne mafi sauƙin bi, domin kai ɗan Najeriya ne ita kuma ƙungiyar wata ƙasa, don haka kotun ƙwallo ta FIFA ce ke da hurumi, kuma ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara a can. Amma akwai wa'adi: in abu ya wuce shekara biyu da faruwa ba sa saurare. Ka ce bara ka baro, to lokaci na tafiya. Ka tattaro kwantiragin, da takardar banki mai nuna watan da aka daina biya, da duk saƙon da kuka yi da shugabanninta. Ka sami lauya ko wani jami'in ƙungiyar 'yan wasa ya rubuta musu takardar neman biya da wa'adi, in sun yi shiru a shigar da ƙara. In aka yanke hukunci suka ƙi biya cikin kwana 45, ana hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa, kuma wannan shi ne abin da ke sa su nemo kuɗin. Sauran ƙungiya biyun kuwa, in na gida ne, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ce wurin kai kuka, tana da kwamitin da ke duba rigimar 'yan wasa da ƙungiyoyi. Yana iya jan lokaci, amma bashin da aka rubuta aka kai ya fi wanda ake ambata a majalisa. In kuma ka ce mini wasu ba ka da takardarsu, to ka ɗauki darasin daga yau. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka kuma riƙe wannan don gaba: a ƙa'idar FIFA, in ƙungiya ta riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta mata ka ba ta kwana 15, in ba ta biya ba kana da hujjar raba gari da ita ka kuma nemi haƙƙinka. Ficewa da dare da jaka ba tare da takarda ba ita ke sa mai gaskiya ya koma mai laifi.

Mu dawo gida. Maganar yayanka ta yi zafi, bai kamata zumunci ya rataya a kan gona ba, amma ka tsaya a inda yake tsaye ka duba. Shekara goma shi ke gida. Shi ke kai Inna asibiti, shi ake tasa da dare in yaronka ya yi zazzaɓi, shi ke tsaye cikin taɓo yana neman kuɗin taki da man injin ban-ruwa. Kasonka haƙƙinka ne a shari'a, ba mai musu, amma fadama ba kamar akuya ba ce da za a ja a fita da ita. In ka sayar, baƙo ne zai shigo tsakiyar gonar ubanku, ya raba hanyar ruwa da yayanka, ya yi iyaka da kason 'yan'uwanku mata in akwai su. Kuma ƙasar noman rani a Kebbi, wanda ya sayar da wuya ya sake mallakar irinta. Tsoro ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa. Ka same shi ku biyu, ba a gaban mata da yara ba, ka fara da godiya, don ina zaton ba ka taɓa zama ka gode masa da baki ba. Ka ce masa ka fasa. Sannan ku yi tsari: kai ka riƙa sa taki da mai daga albashinka, shi ya tsaya kan aikin, a raba amfani yadda kuka amince, a rubuta a gaban dattijo biyu na dangi. Kason da kake shirin kashewa a tikiti ɗaya sai ya zama shi ke ciyar da gidanka duk watan da ƙungiya ta yi jinkirin biya.

Inna kuwa, shirunta magana ce. Uwa ba ta son ta hana ɗa neman rabonsa ya zo yana cewa ita ta tare masa hanya, ba ta kuma son ta ga 'ya'yanta sun rabu a kan abin da ubansu ya bari. Kada ka bari ta ji labarin fasawar a bakin wani. Ka je ka zauna a tabarmarta ka faɗa mata da kanka, ka nemi ta sa maka albarka a abin da za ka fuskanta.

Maiɗakinka ita ta fi kowa biyan kuɗin wannan sana'a, kuma ba a taɓa tambayarta ba. Da ta ce ta gaji da auren waya, ba ƙwallonka ta tsana ba. Ta gaji da rashin sanin ranar dawowarka, da rashin sanin ko kuɗin cefane zai shigo, da amsa tambayar yara ita kaɗai. Kada ka ce mata ta yi haƙuri, ta yi shi shekaru. Ka ba ta abin da za ta riƙe: ka nuna mata abin da ke shigowa da abin da ake binka da wanda kake bi, ka faɗa mata shekara nawa kake ganin suka rage maka a fili, ka tambaye ta ita me take so. In tana da sana'ar hannu, kason farko na duk bashin da ya fito ya zama jarinta. Mace in ta san iyakar tafiya tana iya jure nisanta.

Shawarata ita ce ka karɓi tayin ƙungiyar nan ta kusa, bayan likita ya ga gwiwar. Albashin kaɗan ne, na ji, amma ka lissafa da abin da ba za ka kashe ba: kuɗin mota daga Kudu, hayar ɗaki a garin da ba ka da kowa, tukunya biyu a gari biyu. Ka shiga da sharuɗɗa. Kwantiragi a rubuce, kwafinka a hannunka ranar da ka sa hannu, albashi ta banki, kuɗin sa hannu a faɗi ranar biyansa, a rubuta wa ke ɗaukar magani in ka ji ciwo, a kuma sa cewa in ƙungiyar waje ta zo da tayi na gaskiya za a sake ka. Sannan ka yi abin da ba ka taɓa yi ba, ka zauna kaka biyu. Ka nemi yaron tsakiya mai ido, ku riƙa tsayawa bayan atisaye kuna maimaita ƙwallo ashirin, talatin, har ya san gudunka ko a mafarki. A rukuni na biyu gogaggen ɗan gaba da ya san yadda ake kare ƙwallo da jiki, ya san halin filayen waje, abin nema ne, kuma ƙungiyar da ta hau Firimiya da mai cin ƙwallonta take hawa. Rabi'u Ali ya haura shekara 40 yana ci wa Kano Pillars ƙwallo, kuma zama wuri guda da kula da jiki na cikin abin da ya kai shi.

Cikin waɗannan kaka biyun ne za ka gina abin da za ka taka in ka sauka. Ka ce ba ka iya wata sana'a ba, ni kuwa ina ganin ka raina abin da ke kanka. Ka zauna ƙarƙashin koci takwas ko fiye, ka ga mai kyau ka ga marar kyau, ka ji Faransanci a Yamai da Benin, ka san mutane a jihohi da yawa. NFF na shirya kwasa-kwasan lasisin koci na CAF, ana farawa daga matakin D a hau C, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere ta Legas mai horar da masu horarwa. Makarantu masu zaman kansu da ƙananan makarantun ƙwallo suna neman mai takarda da ya taɓa bugawa. In karatunka da ɗan ƙarfi, jarrabawar ejan ɗin nan ma ba ta fi ƙarfinka ba, kuma yaranmu na Argungu da Jega da Yawuri da Zuru suna bukatar wanda zai karanta musu kwantiragi tsakani da Allah. Ga fadama kuma, ranakun hutu ka riƙa bin yayanka kana koyo. Shi ma Ahmed Musa yana tsaka da wasa ya buɗe gidan mai da cibiyar wasanni a Kano, bai jira ƙafa ta gaji ba. Naka ba sai ya kai nasa ba, buhunan shinkafa a ɗaki da lasisi a aljihu sun isa mafari.

In kuma mutumin ya ba ni kunya, lasisinsa ya fito, ƙungiyar ta amsa da bakinta, ta aiko da fom da tikitin zuwa da dawowa, likita kuma ya ce gwiwa za ta ɗauka, to ban hana ka ba. Ka yi istihara, ka shawarci maiɗakinka da Inna, ka bar musu abincin wata uku, ka tafi mako ukun. Fasfonka ya zauna a jikinka, kada ka miƙa wa kowa ya ajiye maka. Kada ka sa hannu a takardar Larabci da ba a fassara maka ba. Ko a wannan halin fadama tana nan inda take.

A wannan makon dai abu uku nake so ka yi: ka tura wa ejan tambayar lasisi, ka karɓi katin ganin likita, ka bi yayanka gona ran Asabar da sassafe. Da yamma in za ka fita motsa jiki ka ɗauki 'yar nan a kafaɗa, ka ba ta gorar ruwanka ta riƙe maka a bakin fili. Kwana kaɗan za ka ga ta daina ɓuya. Ka sake rubuto mini in ji amsar da mutumin ya ba ka da abin da likita ya ce. Ka gaishe mini da Inna.